Har Yanzu Ba Ka da Aikin?



A Amurka, idan mutum ya rasa aikinsa ba da laifinsa ba, gwamnatin jiharsa kan riƙa ba shi ɗan abin da zai riƙe kansa kafin ya sami wani. A yawancin jihohi ba ya wuce mako 26. Amma ba rubuta suna ake yi sau ɗaya a bar kuɗi su yi ta zuba ba. Kowane mako, wasu wuraren duk mako biyu, sai mutum ya koma ya amsa tambayoyi ta waya ko ta intanet. Kana da lafiyar yin aiki? Ka nema? An ba ka wani ka ƙi? Ka yi wani ɗan aiki a makon nan, nawa aka biya ka? Makon da bai amsa ba, babu kuɗin wannan makon. Wanda kuma ya yi ƙarya aka gano shi, sai ya mayar da abin da ya ci, da tara a kai, wani ma har gaban alƙali.

Mu nan ba mu da wannan tsari na mako-mako. Abin da ya fi kusa da shi shi ne N-Power, wanda aka fara a 2016 domin matasa marasa aiki 'yan shekara 18 zuwa 35. A lokacin da shirin ke aiki, masu digiri da NCE da makamantansu an riƙa tura su koyarwa, ko asibiti, ko harkar noma, ana ba su Naira 30,000 a wata. Sharaɗin a fili yake: ba ka da wani aikin, kuma kana zuwa inda aka tura ka. Sai kuma tallafin gidajen talakawa, wanda a da Naira 5,000 ne a wata, sannan a Oktoban 2023 aka sanar da Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Duk waɗannan ana tantancewa, ana neman BVN da NIN, wani lokaci a sa yatsa. To amma yatsa abu ɗaya yake shaidawa, cewa kai ne. Bai san halin da kake ciki ba. Bai san ka buɗe shago ba.

Nan ne maganar ta zo kanmu, mu da muka baro Kano da Katsina da Zamfara da Maraɗi muka zo neman abinci a Gwarinpa. Da yawanmu sunanmu na can gida a wata takarda. An rubuta shi shekarar da ruwa ya yi gyara, ko shekarar da 'yan bindiga suka hana shiga gona, kuma a ranar da aka rubuta gaskiya aka rubuta. Sai Allah ya buɗa. Yanzu bawan Allah yana da rumfa a kasuwar katako ta Dei-Dei, ko teburin kayan miya a Kado, ko yana gadi a wani gida a 3rd Avenue da albashinsa duk wata. Wayarsa ta yi ƙara, kuɗi sun shigo. Ba wanda ya tambaye shi komai, bai sa hannu a ko'ina ba, bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Shin ya ci halak?

Wasu za su ce ai tunda ba a tambaya ba, babu laifi. Mu ba mu ga haka ba. Kuɗin nan ba don sunanka aka ware su ba, don halin da kake ciki ne. Haka zakka take: Suratu Tauba, aya ta 60, nau'i takwas ta lissafa, kuma duk siffofi ne, ba sunayen mutane ba. Wanda ya karɓa bara yana faƙiri, bana ya wadata, ya fita daga layi, har ma wataƙila ya koma layin masu fitarwa. Maganar da ka yi ranar rajista, cewa ba ni da komai, ita ce ke ci gaba da karɓar maka kuɗi duk wata. Idan ta daina zama gaskiya ka bar ta tana aiki, to kamar kullum sake faɗinta kake yi, sai dai da bakin takarda.

Akwai wani hadisi a Abu Dawuda da Nasa'i da ya kamata mu tsaya a kansa. Mutum biyu suka zo wa Manzon Allah (SAW) yana rabon sadaka a Hajjin Bankwana, suka nemi a ba su. Ya dube su sama da ƙasa, ya ga ƙarfafa ne. Bai kore su ba, bai kuma sa a je a binciko su ba. Sai ya sanar da su cewa mawadaci da mai ƙarfin da ke iya nema ba su da rabo a ciki, ya bar musu zaɓi, idan suna so zai ba su. Ku duba fa. Ya faɗi sharaɗi, ya mayar musu da nauyin. Mai rabo zahiri yake gani, cikin aljihu kuwa mai shi ne ya sani. Haka hadisin Ƙabisa a Muslim, da ya halatta roƙo ga wanda talauci ya kama, ya sa masa iyaka: har zuwa lokacin da ya sami abin riƙe rayuwa. Wato tun can asali, taimako abu ne mai wa'adi, kuma wanda ya fi kowa sanin ranar da wa'adin ya cika shi ne mai karɓa.

Mun san amsar da ake bayarwa a bakin shago bayan la'asar. “Haba Malam, manya na kwashe biliyoyi, ni dubu ashirin da biyar ce za ta kai ni wuta? Ai rabona ne na ƙasa.” Gaskiya ne ana kwashewa, kuma ba a ɓoye yake ba, a Janairun 2024 sai da aka dakatar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya saboda binciken kuɗi. Amma mu tambayi kanmu, wannan dubu ashirin da biyar ɗin daga aljihun wa take fita? Babban da ya saci nasa bai ji komai ba. Gurbi ne ƙidayayye. Kai da ka riƙe shi kana da rumfa, wata bazawara a unguwarku can gida, mai marayu biyar, ita aka ce wa an cika. Ita ka rama a kanta, ba ɓarawon ba.

Wani kuma zai ce, ni ba na ci, tsohuwata nake tura wa. Wannan ta fi wuya, kuma ba ma so mu yi saurin yanke masa hukunci, don sau da yawa tsohuwar ta cancanta da gaske. Sai dai ciyar da uwa mabuƙaciya wajibi ne a kan ɗan da ke da hali, daga dukiyarsa. In kuwa tallafin na gidan ne gaba ɗaya kuma gidan har yanzu yana cikin wahala, to a je a gyara takarda, sunanta da lambarta su hau, abin ya tafi hannun mai shi kai tsaye.

Ba duk mutanenmu ne ke riƙewa ba, kada mu zalunci kanmu. A 2019 hukumar N-Power ta sanar da sallamar sama da mutum 2,500 da suka gudu daga wuraren aikinsu suna karɓar alawus. A sanarwa ɗaya ta ce sama da 18,000 sun ajiye da kansu saboda sun sami aiki na dindindin. Waɗannan na biyun ba a cika ba da labarinsu ba, ga su kuwa sun ninka na farkon sau bakwai.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ke neman gaskiya daga talaka ita ma akwai tata. Yaran rukunin C sun yi watanni suna zuwa makaranta ba alawus, har aka dakatar da shirin a Oktoban 2023 suna bin bashi. Wanda aka hana haƙƙinsa wata da watanni ya fita ya yi dako ko ya karɓi keke-napep ɗin wani don ya ci abinci, ba za mu haɗa shi da mai albashi biyu ba. Sannan tambayar tamu ma gajeruwa ce: kana da aiki ko ba ka da shi, ƙwarai ko a'a. Alhali rayuwar yawancinmu a tsakiya take. Yau an kira ka sauke siminti, gobe shiru, jibi shiru. Tsarin can Amurka ya fi mu a nan, don idan ka faɗi ɗan abin da ka samu a mako, yawanci rage maka ake yi gwargwado, ba a yanke ka gaba ɗaya. Inda faɗin gaskiya ke nufin rasa komai, an sa talaka a tsaka mai wuya, kuma masu tsara abin za su amsa nasu.

Ga wanda ke wannan tsakiyar, ma'aunin da malamanmu na fiƙihu suka sa wa faƙiri zai yi amfani: abin da kake samu yana isar ka da iyalinka, ko ba ya isa? Mai dakon da yau samu gobe rashi bai fita daga mabuƙata ba. Mai shagon da ke biyan haya, ya sa yara makaranta, har yana zubin adashi, ya fita, ko da zuciyarsa na gaya masa har yanzu da saura. Da saura kam, kowa da saura.

Abin bai tsaya ga gwamnati ba. Masallacin nan ma yana da takardar waɗanda ake ba zakka da hatsin azumi, kuma akwai sunayen da suka shekara uku ba su motsa ba. Dattawan da ke riƙe da ita suna jin nauyin tambayar mutum ko ya samu, shi kuma yana jin kunyar zuwa ya ce a cire shi, kada a ce yana alfahari. Ba sai an yi a gaban jama'a ba. Bayan sallar isha'i Liman na nan zaune, kalma biyu ce a kunne, sai a ja layi a rubuta wani. Akwai yara uku da suka sauka daga mota satin nan daga gida, ko tabarma ba su da ita.