Zauren Aro da Amanar Baƙo

A al'adarmu, mai gida shi ke da alhakin abin da ya sami baƙonsa a zaure. Idan aka sace takalmin baƙo a ƙofa, mai gida ke jin kunya. Idan wani ya laɓe ya saurari hirar ya kai ta waje, mai gida za a tuhuma. To, yanzu da yawancin hirarmu ta koma cikin waya, wane ne mai gida? Kuma idan muka gane cewa wurin da muka tara mutane bai dace ba, tashi ya kamata mu yi ko zama?

Duk wanda ya buɗe rukunin dangi, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na masu karanta littafinsa, ya zama mai masaukin baƙi. Sai dai zauren ba nasa ba ne, aro ne daga kamfani. A 2014 Facebook ya sayi WhatsApp a kan kuɗi kusan dala biliyan 19, alhali yawancinmu ba mu taɓa biyan ko kwabo don amfani da shi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaskiya ne tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke, kamfanin ba ya karanta su. Amma lambar waya da irin wayar da lokutan da ake hawa, duk bayanai ne masu daraja. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Nijeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Ke nan idan muka ce wa inna ko kawu su shigo rukuni, mun kawo su gidan da ba mu muka tsara dokokinsa ba.

Zanen aro kuma ba ya rufe katara. Google ya rufe Google+ a watan Afrilun 2019. A shekarar ce MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, lokacin da yake kwashe kaya daga wasu na'urori zuwa wasu. A nan gida, gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu ƙananan sana'o'in da suka tara abokan cinikinsu a can suka wayi gari ƙofa a rufe.

Mai jin wannan zai ce amsa a fili take: a tashi. Haka miliyoyin mutane suka yi a Janairun 2021, da WhatsApp ya sanar da sabbin ƙa'idoji ya ba da wa'adin 8 ga Fabrairu. Suka kwarara Signal da Telegram, har kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Amma tashi ma yana da nasa haƙƙin. Wa ake bari a baya? Tsohuwar da jikanta ya koya mata danna saƙon murya da ƙyar, da ɗalibin da wayarsa ba ta da sauran wuri, da wanda datarsa ta kwana ɗaya ce. Idan muka ƙaura don kare sirrinsu, muka kuma yanke su daga sanarwar suna da ta jana'iza, me muka kare musu? Wanda ya fi sanin waya yakan ɗauki shawarar shi kaɗai, ya kira ta gyara, alhali masu rauni ne ke biyan kuɗinta.

Akwai kuma tsofaffin maganganu. Ta'aziyyar da wani ya rubuta shekara biyar da ta wuce, da muryar mahaifiya da ta riga mu gidan gaskiya, da gardamar da aka yi cikin fushi aka shirya daga baya. Idan muka bar su, suna iya salwanta. Idan muka kwashe su zuwa sabon wuri ba da izini ba, mun ɗauki maganar da aka faɗa wa mutum ashirin mun kai ta gaban mutum ɗari biyu. Magana ta mai ita ce, ko da a zaurenmu ya faɗe ta. Amana aka ba mu, ba gado ba.

A ganinmu, babu wurin da ya tsarkaka da zai sauke mana nauyin, domin kowane sabon zaure ma na wani ne, kuma dokokinsa na iya canjawa gobe. Abin da ya rage a hannunmu shi ne halin mai gida. Kada mu saka lambar mutum a rukuni sai mun tambaye shi. Mu gaya wa jama'a abin da muka sani game da wurin, cikin harshen da kowa zai fahimta. Idan tashi ya zama dole, mu yi shawara, mu ba da lokaci, mu kama hannun wanda bai iya ba, mu bar wata hanya ga wanda ba zai iya biyo mu ba, ko da kiran waya ne. Wanda ya ce a goge maganarsa, a goge. Abin da aka yarda yana da daraja, kamar hotunan iyali da rubutun da muka sha wahala a kansa, mu ajiye kwafinsa a wurin da ke hannunmu tun kafin ranar da za a rufe ƙofa.

Kamfani zai tambayi kansa ko wurin yana kawo riba. Mu da muka gayyato mutanen, tambayarmu daban ce: idan sun san duk abin da muka sani, za su yarda su zauna a nan? In amsar a'a ce, sai mu fara faɗa musu, kafin mu nemi inda za a koma.