Kunne Ya Girmi Kaka

Kakarka, komai tsufanta, shekarunta ƙidayayyu ne, abin da ta gani da idonta kuma yana da iyaka. Kunne kuwa yakan ɗauko labarin abin da ya auku tun ba a haifi kakar kakarka ba. Shi ya sa Hausawa suka ce kunne ya girmi kaka. Wanda ya iya saurare, saninsa ya wuce shekarunsa.

A 'yan watannin nan karatuna ya karkata ga littattafan da ba ƙagaggu ba, kuma wanda ya fi ratsa ni shi ne tarihin rayuwar Baba, mutuniyar Karo. Mary Smith ce ta rubuta shi daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. An haifi Baba wajen 1877, ta yi wayo tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta kuma yi boko ba. Amma ta bayyana zaman rinji, wato ƙauyen bayi, da fargabar mahara masu kame mutane, da yadda dangi ke fafutukar haɗa kuɗin fansa. Ta yi maganar aure da zaman kishi da ƙawance da bori, da yadda ta riƙi 'ya'yan dangi da yake Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da ba a samu mai zama ta saurare ta ba, da duk wannan ya bi ta kushewa.

Na haɗa da Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya ratso ta kan Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ma a baka aka daɗe ana riƙe da labaransa kafin a rubuta su da Larabci. Wannan ya nuna mini fada, Baba ta shigar da ni tsakar gida, kuma sai an haɗa biyun ake gane yadda magabata suka rayu.

Ta ɓangaren rediyo ma, nakan saurari Amsoshin Takardunku na Sashen Hausa na BBC, inda mai tambaya daga ƙauye kan sa a nemo masani ya warware masa asalin wani gari ko wata sarauta.

Sai dai kunne ba ya tankaɗe da kansa. Yadda yake ɗaukar gaskiya, haka yake kwasar jita-jitar da ake turowa ta WhatsApp. Malaman hadisi sun koya mana magani tun tuni: wa ya faɗa, a wurin wa ya ji, kuma amintacce ne?

Yau a gidajenmu akwai tsofaffin da suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, suka sha farin 1973, suka kashe fam da sule kafin naira ta zo. Wayar da ke aljihunmu tana naɗar murya. Mu zauna gabansu da ladabi, mu tambaya, mu naɗa, mu rubuta, domin jikokinmu ba za su ji abin da mu ba mu saurara ba.