FILIN ADDININ MUSULUNCI: Amanar Takardar Wasiyya

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda dukan dukiya za ta koma gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sau da yawa ba a gama zaman makoki ba sai a ji 'yan'uwa sun soma cigiyar takarda. Wani ya ce marigayi ya bar wasiyya, wani ya ce shi bai gani ba, wani kuma ya fito da hoton wata takarda a wayarsa ya ce ita ce. Daga nan sai zumunci ya soma tsagewa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

A ɗauki misalin magidanci a Sule Tankarkar, cikin ƙasar Gumel. Yana da gonar gero da ta riɗi, yana saye da sayar da dabbobi a kasuwar Maigatari kowace Alhamis, yana da ajiya a banki a Gumel, akwai kuma waɗanda yake bi bashi a tsallaken iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar. Ya rubuta wasiyya, Allah Ya karɓi ransa. To, alƙali zai nemi ganin takardar, banki zai nemi shaidar kotu, ɗansa da ke Kano zai ce sai ya karanta da idonsa, wanda ake bi bashi ma zai ce a nuna masa. Takarda ɗaya ce, masu nemanta kuwa da yawa. In aka bar ta tana yawo hannu-hannu, ko ta ɓata, ko ta yage, ko damina ta taɓa ta, ko kuwa alƙalamin wani marar tsoron Allah ya bi ta kanta.

Shari'a ba ta ɗauki wannan al'amari da wasa ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 181, Allah Ya ɗora zunubin musanya wasiyya a wuyan wanda ya musanya ta bayan ya ji ta. A hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, an nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 11 da ta 12, an maimaita cewa rabon magada yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Saboda haka malaman Malikiyya suka jera haƙƙoƙin da ke kan tarika: a fara da abin da ya rataya ga wata kadara ita kanta, kamar jingina, sa'an nan kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya daga sulusin abin da ya saura, daga ƙarshe magada. Ashe ke nan in wasiyya ba ta tabbata ba, rabon kowa yana cikin shakka.

Akwai darasi babba a sababin saukar aya ta 106 ta Suratul Ma'ida. Wani mutum daga Banu Sahmu ya fita fatauci tare da Tamimud Dari da Adiyyu ɗan Badda'u, su biyun Nasara ne a lokacin, ko da yake Tamimu ya musulunta daga baya. Ajali ya riski mutumin a inda babu Musulmi, ya damƙa musu kayansa su kai wa iyalinsa. Da suka kawo, sai aka rasa wani kofin azurfa mai adon zinariya. Masu tafsiri sun kawo cewa kafin ya cika ya rubuta jerin kayansa da hannunsa, ya cusa a cikin kayan ba da saninsu ba, wannan rubutu shi ya sa iyalinsa suka gane an yi ragi. Daga baya aka ga kofin a Makka. Mai karatu ya duba: da ba don rubutu ba, da haƙƙin magada ya tafi ke nan, gani kuwa ya kori ji.

Amma rubutu kaɗai bai isa ba. A Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa ko da an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, muddin bai kafa shaidu a kai ba, bai kuma ce a zartar ba, to, ba a zartar da wasiyyar, domin mai yiwuwa ne ya rubuta yana shawara da zuciyarsa, ko kuwa ya janye. Mai wasiyya yana da ikon sake ta matuƙar yana da rai. Idan asalin takarda ma yana bukatar shaidu, ina ga kwafin da aka buga a shagon bakin tasha, babu sa hannu, babu hatimi?

Hatimi kuwa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wa sarakuna wasiƙu, aka gaya masa ba su karɓar takarda sai mai hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa yana buga wa wasiƙunsa. Littattafan fiƙihu kuma suna da babi a kan takardar alƙali zuwa ga alƙali. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya: Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, sashe na 104, ta ce kwafin takardar da ke ajiyar hukuma yana zama tabbatacce ne idan jami'in da ke riƙe da ita ya rubuta a jiki cewa daidai yake da asali, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, bayan an biya kuɗin da doka ta yanka.

Saboda haka, ga abin da ya kamaci wasiyyi, watau wanda aka ɗora wa zartar da wasiyya. Da fari ya tara magada, maza da mata, a karanta takardar a gaban shaidunta da liman da mai unguwa. Kada a ce mata da ƙananan yara ba su da bakin magana, domin haƙƙinsu ne aka fi saurin dannewa. Na biyu, ya kai asalin gaban alƙalin Kotun Shari'a, shaidu su ba da shaida, a shigar da ita cikin littafin kotu. Na uku, ya lissafa wuraren da za a nemi takardar, ya roƙi magatakarda kwafi mai hatimi gwargwadon adadinsu, ya karɓi rasit, domin kuɗin daga tarika zai fita, ranar rabo kuwa za a tambaye shi. Na huɗu, ya nemi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya kuma tambayi banki irin takardar da yake bukata tun kafin ya ɓata kuɗin mota, domin galibi bankuna sukan nemi takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Jiha. Asali ya zauna a ajiya, kwafi shi ke tafiya.

Sai dai a kiyaye, hatimi yana shaida ne cewa kwafi ya dace da asali, ba ya mai da haram halal. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma babu wasiyya ga mai gado sai in sauran magada sun yarda. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bar wasiyyar wani Musulmi ta tsaya bisa dokar Ingila alhali ta saɓa wa rabon Malikiyya, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka gyara dokokinsu na wasiyya don toshe wannan ƙofa. Musulmi dai ya sani, abin da ya wuce a kotun duniya ba lalle ne ya wuce a gobe Ƙiyama ba.

Magatakardan da ya buga hatimi a kan abin da bai gwada da asali ba, ya yi shaidar zur. Wasiyyin da ya ɓoye takarda, ko ya ja lokaci har gonar marayu ta shiga hannun wani, ya tuna da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, inda aka kamanta cin dukiyar maraya bisa zalunci da cusa wuta a ciki. Wanda kuwa ke da rai da lafiya a yau, ya rubuta tasa, ya kafa shaidu biyu adilai, ya sa kwanan wata, ya gaya wa iyalinsa inda take.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta. Allah Shi ne Masani.