Idan na'ura ta ɗauki buhu, wa zai ɗauki ɗan dako?

Makon jiya bayan an watse, hira ta ɓarke a bakin ƙofa a kan wani bidiyo da yaro ya nuna mana a waya: jirgi maras matuƙi ya tsaya a sama, ya zuro wani ɗan akwati da igiya, ya ajiye saƙo, ya janye abinsa. Wasu suka yi dariya. Amma wani dattijonmu da ya shekara fiye da ashirin yana dako a Tudun Hatsi bai yi ba. Cewa ya yi, "To, mu kuma fa?" Wannan tambaya ce muke so mu auna yau.

Da farko mu san cewa abin ba almara ba ne, kuma bai yi nisa da mu ba. Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitoci da irin waɗannan jirage a Ruwanda a 2016, ya shiga Ghana a 2019, sannan a 2022 ya fara aiki a Jihar Kaduna daga Pambegua. A wannan tsarin mutum ne ke shirya kwalin, wanda bai kai kilo biyu ba, ya saka a cikin jirgin, jirgin ya je ya saki kwalin da 'yar lema. Wato saukewa ta riga ta fita daga hannun mutum, lodi ne ya rage. A manyan tashoshin kaya na jiragen sama kuwa, irin na Hong Kong, na'urori ne ke jera kaya da fito da su tun 1998.

Mu da muka zo Gabukka ci-rani, da yawanmu ba mu zo da jari ba sai ƙarfin jiki. Mun san abin da buhun masara ke yi wa ƙashin baya. Mun ga wanda ya shekara arba'in yana tafiya kamar ɗan saba'in. Saboda haka kada mu yaudari kanmu da cewa dako abin so ne. Babu uban da ke yi wa ɗansa fatan gammo. Duk abin da zai sauke wa ɗan Adam wannan nauyi, alheri ne a asalinsa.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce buhun da ke karya baya shi ne kuma ke kawo tuwon dare. Wanda ya ɗauke maka nauyi ya haɗa da abincinka, ba taimakonka ya yi ba. Don haka tambayar ba wai na'ura mai kyau ce ko marar kyau ba. Tambayar ita ce: ribar da aka samu daga hutun bayanmu, aljihun wa za ta shiga?

An taɓa yin irin wannan a duniya. A 1956 wani ɗan Amurka, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, daga nan dakon tashar ruwa ya fara mutuwa. A 1960 ƙungiyar masu lodi ta gabar yammacin Amurka ta zauna da masu jirage, suka yi yarjejeniya: mun yarda a kawo injuna, amma a ware kuɗi don fanshon tsofaffi da tabbacin albashin masu rajista. Ba kowa ya tsira ba, waɗanda ba su da rajista sun sha wuya. Amma darasin a fili yake: waɗanda suka haɗa kai aka yi ciniki da su, waɗanda ke warwatse labari kawai suka ji.

Wani zai ce, ai mai kaya bai ci bashin kowa ba, ya biya ladan kowane buhu. Gaskiya ne ta fuskar lissafi. Sai dai kasuwar da ta tsaya da ƙafafunta a kan wuyan mutane shekara da shekaru, ba mutunci ba ne ta ce ba ta san su ba ranar da ta samu madadinsu. Akwai haƙƙin da ba a rubuta shi a rasit.

Akwai kuma maganar amana. In buhu ya ɓata a hannun ɗan dako, an san fuskarsa, an san shugabansu, a zauna a warware. In na'ura ta yar da maganin mara lafiya a daji, wa za a kama? Dole a samu mutum mai suna da zai ce "laifina ne". Aikin da babu mai amsa laifinsa, talaka ne ke biyan asararsa.

Ba gobe mutum-mutumi zai fara sauke kaya a filin jirgin Lawanti ba, balle Tudun Hatsi. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masu dako a cikinmu su yi rajista da ƙungiyarsu, su riƙe adashi da gaske. Yaranmu su koyi gyaran lantarki, batir da kwamfuta, domin kowace na'ura tana buƙatar mai kula da ita. 'Yan kasuwarmu kuma, duk ranar da suka sayi injin da zai maye gurbin mutum biyar, su fara zama da mutum biyar ɗin kafin injin ya iso.

Dattijon nan har yanzu yana jiran amsa. Mu ne ya tambaya, ba jirgin ba. Allah ya sa mu dace.