BASHI DA SUNAN KIRKI



A cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 4, an ba mu labarin wata mace wadda mijinta, mutum mai tsoron Allah, ya rasu ya bar ta da bashi. Mai bin bashin kuwa yana kan hanya domin ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Ta kai kukanta wurin annabi Elisha. Annabin bai tsauta mata ba, bai kuma ce ta gudu ba. Ya fara tambayarta abin da ya rage mata a gida, ta amsa cewa ɗan mai ne kaɗai a tulu. Ya aike ta ta aro tuluna wurin maƙwabta, ta yi ta zubawa har dukansu suka cika. Sa'an nan ya umarce ta ta sayar da man, ta biya bashin tukuna, ita da 'ya'yanta su ci abin da ya saura. Ku lura da jerin nan: faɗin gaskiya, ƙidaya abin da ke hannu, aiki, biya, sa'an nan ci.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yakan karɓi buhun hatsi da damina ya mayar da fiye da haka da kaka. Ma'aikaci yakan ci albashin wata tun bai kama ba. Uwa takan ranto kuɗin asibiti da na makaranta. Cin bashi saboda larura ba zunubi ba ne. Zunubin yana wurin karɓa da niyyar ƙin biya, da ƙarya, da ɓuya sa'ad da mai kuɗi ya yi sallama. Littafin Sirak, sura ta 29, ya zana irin wannan mutum sarai: mai ladabi ne ranar karɓa, ranar biya kuwa sai ja da baya da kawo dalilai. Ikklisiya tana koya mana cewa doka ta bakwai, wadda ta hana sata, ta haɗa da cika alkawari da biyan bashi. Wanda yake da halin biya ya ƙi, yana riƙe da abin da ba nasa ba ne, ko da ya zo Misa kowace safiya.

A dā mai kanti ne kaɗai yake da littafin masu bashi, in mutum ya bar gari sai magana ta mutu. Yanzu ba haka ba ne. Tun shekarar 2014 aka fara ba masu ajiya a banki lambar BVN, wadda take bin mutum duk bankin da ya shiga. A 2017 Nijeriya ta kafa dokar ba da rahoton bashi, akwai kuma kamfanoni uku masu izinin Babban Banki da suke tattara tarihin masu rance, wato CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna sukan aika musu labarin wanda ya biya a kan lokaci da wanda ya makara. Daga wannan tarihi ake fitar wa mutum maki. A ma'aunin CRC makin yana tsakanin 300 da 850, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon wuyar samun rance. Tun watan Agusta na 2020 kuma, wanda ya sa hannu a takardar rance mai ɗauke da wannan sharaɗi, in ya ƙi biya, banki yana iya cire kuɗin daga ajiyarsa ta wani banki dabam. Ashe sunan kirki, wanda Littafin Karin Magana ya fifita bisa dukiya, ya zama abin da ake rubutawa a ajiye.

To, wanda sunansa ya riga ya ɓaci fa, me zai yi? Bari ya bi sawun matar nan.

Da farko, ya faɗi gaskiya. Ya zauna da takarda ya rubuta kowane bashi: na wa, nawa, kuɗin ruwa nawa, yaushe ne ranar biya. Mai aure ya yi haka tare da matarsa, mace kuma tare da mijinta, gama bashin da aka ɓoye a cikin gida yakan ci amana kafin ya ci kuɗi. Gwauraye nawa ne suka fara jin labarin bashin mazansu ana cikin zaman makoki?

Na biyu, ya nemi rahotonsa daga ɗaya cikin kamfanonin nan. Doka ta ba shi ikon karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara, in kuwa ya ga bashin da ba nasa ba, ko wanda ya riga ya biya, yana da ikon neman a gyara.

Na uku, ya je wurin mai bin sa da ƙafarsa, kada ya jira a zo. Ya roƙi a raba masa biyan daidai ƙarfinsa, a rubuta abin da aka shirya, in ya gama kuma ya karɓi takardar shaida.

Na huɗu, bayan abinci da kuɗin haya, ya fara kashe bashin da ruwansa ya fi yawa, yana ba sauran abin da aka yi alkawari. Ku yi lissafi: naira 50,000 a kan ruwa kashi 10 cikin 100 kowane wata, ruwan kaɗai naira 60,000 ne a shekara, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba.

Na biyar, ya daina cin sabon bashi domin rufe tsoho, musamman rancen wayar hannu mai saurin samuwa. Maki ba ya gyaruwa da dare ɗaya, sai da biya a kan lokaci wata bayan wata. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai mu tambayi kanmu kuma me ya sa muke ranta. Ubangijinmu Yesu, a Bisharar Luka sura ta 14, ya yi maganar mai gina hasumiya wanda ya kamata ya zauna ya ƙidaya kuɗinta kafin ya haƙa harsashi. Bikin aure na kwana ɗaya da za a yi shekara biyu ana biya, anko a kowane taro, jana'izar da ake yi domin idon mutane: waɗannan ba Allah ne ya ɗora mana su ba. Ikklisiya ba ta taɓa hana wa kowa Baftisma ko ɗaurin aure domin bai yanka saniya ba. Haka nan kafin ka tsaya wa wani a banki, ka sani ranar da ya kasa, kai za a nema.

Ku kuma masu ba da rance, maganar ta shafe ku. Ku tuna da bawan nan na Bisharar Matiyu sura ta 18, wanda aka yafe masa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Cin riba daga yunwar maƙwabci, da tozarta mai bashi a gaban jama'a, ba halin Kirista ba ne. Ikklisiya ta daɗe tana neman wa talaka mafita: a shekarar 1462 aka buɗe asusun ba matalauta rance mai sauƙi a birnin Perugia na Italiya ta wurin wa'azin 'yan ƙungiyar Faransis Mai Tsarki. A Shekarar Jubili ta 2000 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya roƙi a sauƙaƙa wa ƙasashe matalauta bashinsu, Paparoma Faransis kuma ya maimaita roƙon domin Jubili ta 2025. Mu ma a majami'unmu muna da adashi da asusun zumunta. Mu riƙe su da gaskiya da rubutu, wanda ya kwasa kada ya daina zubi, domin su zama tulunan maƙwabta ga wanda ya shiga ƙunci.

Ɗan'uwa, in bashi ya hana ka barci, ka sani darajarka a gaban Allah ba maki ba ne, jinin Kristi ne ya saye ka. Amma wanda aka fansa da irin wannan tsada bai kamata a same shi da cin amana ba. Kada makon nan ya ƙare ba ka ɗauki takarda ka rubuta ba.

Ubangiji ya ba masu bashi ikon biya, ya ba masu bi zuciyar jinƙai, ya kuma ƙosar da mu da abin da ya ba mu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.