Ɗana, ka gina rumbunka

Ɗana mai rubuta manhaja, ko a Yendi kake ko a Bawku, matso kusa mu yi magana a kan kayan aron da kake ɗora aikinka a kai.

Kakanninmu fatake sun san Salaga da goro, amma goron ba a can yake tsirowa ba, daga kurmin Asante ake kawo shi. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, hanya ta rikice, goro ya ja baya a kasuwar, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. Madugun da ya taso daga Kano da ayarinsa bai yi laifin komai ba. Abin da ya dogara da shi ne ke hannun wani.

Haka manhajarka take. Abin da ka rubuta da hannunka kaɗan ne, saura ƙunshe-ƙunshe ne da kake saukowa daga npm ko PyPI ko Maven Central, kowanne kuma yana jan wasu a bayansa waɗanda ko sunansu ba ka sani ba. A watan Maris na 2016 wani ya janye ƙunshinsa mai suna left-pad daga npm, layi 11 kacal, sai ga dubban ayyuka a duniya sun ƙi haɗuwa. Ba sai mun je nesa ba ma. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana ta kwana cikin wahala. Ranan duk wanda aikinsa ba ya haɗuwa sai ya sauko da kaya daga waje, tagumi ya yi. Zanen aro, ɗana, ba ya rufe katara.

Don haka ka ware kwamfuta ɗaya, ko tsohuwa ce, ka sa mata Nexus ko Verdaccio, ta zama rumbunka. Duk ƙunshin da ya shigo sau ɗaya ya zauna a nan, abokan aikinka su riƙa ɗiba daga gida, kuɗin data ma ya ragu. Ka kulle lambar sigar kowane ƙunshi a fayil ɗin kulle, kada ka ce "a ba ni sabo". Abin da ka haɗa ka miƙa wa mai shago, ka ajiye shi da lambarsa, kada ka taɓa rubuta wani a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin sanin abin da ke cikin kaya. Da ɓarakar tsaro a ƙunshin Log4j ta bayyana a Disamban 2021, manyan kamfanoni sun yi kwanaki suna lalube don su gano ko tana cikin nasu. Kai ka riƙe jerin kayanka a rubuce, ka riƙa duba shi duk wata.

Gobe da safe ka cire intanet, ka haɗa aikin daga farko. Duk inda ya tsaya, ka rubuta sunan ƙunshin, ka kai shi rumbu kafin azahar.