Ko Ya Kamata Mai-gida Ya Sayi Bindiga?

A Jangeru da Shinkafi, da Zurmi har Ƙauran Namoda, babu wanda ba ya san zafin 'yan bindiga ba. Sun kore shanu, sun hana noma, sun kama mutane sai an fanshe su da kuɗi. Domin wannan mai-gida ya kan kwanta da dare yana tunani, ko in nemi ƙaramar bindiga irin ta aljihu, wadda ta kan ɗora harsashi da kanta, in riƙa yawo da ita? Ya ku 'yan'uwa, kada mu raina wannan tambaya, gama mai-yinta ba mugu ba ne. Uba ne mai-jin tsoro saboda 'ya'yansa.

Da fari mu duba doka. Bisa ga dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, libarba da fistol suna cikin makaman da aka hana, ba mai-ba da izninsu sai shugaban ƙasa. Ko bindigar farauta ma sai da lasisin 'yan sanda. A Yunin 2022, gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa mutanen Zamfara su nemi lasisi su kāre kansu. Nan da nan babban hafsan tsaro, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Watau wanda ya sayi irin wannan bindiga yau, a ɓoye ya saya, daga hannun masu fasa-ƙwauri. Su ne kuwa masu sayar wa ɓarayin daji. Kuɗinka da nasu jaka ɗaya suke shiga.

Na biyu, me za ta yi maka? Maharan su kan zo da yawa bisa babura, da manyan bindigogin yaƙi. 'Yar bindigar aljihu ba ta kai nisa. Amma cikin gida tana nan dare da rana, kusa da yaro mai-ƙiriniya, kusa da kai kanka ranar da maƙwabci ya ci maka iyakar gona. Fushi ya kan huce kafin gari ya waye, amma harsashi ba ya komowa.

Wani za ya ce, to, mu naɗe hannu ke nan a yanka mu? A'a. Sa'anda Nehemiya yana gina ganuwar Urushalima, maginansa sun yi aiki da makami a jikinsu. Amma ku lura, tare suka yi, da shugaba, da mai-busa ƙaho, kuma domin tsaro ne, ba ramuwa ba. Bitrus kuwa shi kaɗai ya zare takobi cikin zafin rai, ya sare kunnen bawa, Ubangiji ya tsauta masa, ya kuma warkar da kunnen. Mun ga bambancin nan da idonmu. Da yawa cikin 'yan sa-kai sun fara da niyyar tsaron gari, amma inda aka kashe mutum saboda yarensa kawai, ramuwa ta haifi ramuwa. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya kafa Askarawan Zamfara domin tsaron gari ya kasance ƙarƙashin hukuma. Su ma idan suka zubar da jinin marar-laifi, alhaki yana wuyansu.

Tsaron iyalinka wajibi ne, amma ba kowace hanya ce ta halatta ba. Ka shiga gadin unguwa tare da maƙwabtanka, Musulmi da Kirista. Kada ka zama mai-kai wa ɓarayi labari ko abinci. Ka matsa wa hukuma ta yi aikin da aka ba ta. Kafin ka miƙa kuɗi a ɓoye kuwa, ka tambayi zuciyarka: tsaro nake nema, ko fansa? Allah ya ba ƙasarmu salama.